Daga Kano zuwa Jidda: abin da ke shiga akwati da abin da ke zama a hannu

Tun da na dawo daga Umra, tambayar da aka fi yi mini ita ce ta kaya: wanne ake bayarwa a awo ya bi ƙasan jirgi, wanne ake riƙewa a hannu, kuma kilo nawa aka yarda da shi. Ranar da za mu tashi daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano na ga dattawa durƙushe a gaban kantar awon kaya, akwati a buɗe, ana kwashe atamfa da garin kunu a bainar jama'a, layi kuma yana jira. Abin ya taɓa mini zuciya, don duk wannan aiki ne da ya kamata a gama shi tun a gida. Saboda haka zan bi tafiyar daki-daki, yadda ta kasance.

Matakin farko shi ne karanta tikiti, kwana uku ko huɗu kafin tafiya. A jikinsa akwai layin da ke nuna nauyin da aka ba ka, kuma tsari biyu ne ake amfani da su. Wani tikitin za ka ga an rubuta 2PC, ma'ana akwati biyu, kowanne yawanci kilo 23 ga mai ƙaramar kujera. Wani kuma za ka ga adadi kawai, misali kilo 30, wanda za ka iya rabawa yadda ka so. Nawa na akwati biyu ne, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. A wannan tsarin ba a haɗa lissafi. In akwati ɗaya ya yi kilo 26, ɗayan ya yi 18, ba za a ce jimilla 44 ce, ba ta kai 46 ba. Za a ce na farkon ya haura da kilo uku, ko ka rage ko ka biya. Sannan akwati ɗaya ba ya wuce kilo 32 ko da za ka biya kuɗi, saboda mutane ne ke ɗaga shi da hannu. Tsawo da faɗi da kauri in an haɗa kada su zarce santimita 158. Jakar hannu kuwa yawancin kamfanoni kilo 7 suke yarda, girmanta wajen santimita 55 da 40 da 20, har da tayoyi da mariƙi. Kowane kamfani da ɗan bambancinsa, don haka abin da ke jikin tikitinka shi ne hujja, ba abin da wani ya gaya maka ya yi bara ba.

Na sayi ɗan ƙaramin sikelin rataye a kasuwar Sabon Gari, irin mai ƙugiya da ake saƙalawa a mariƙin akwati a ɗaga. Na tsayar da kowane akwati a kilo 22, don sikelin gida da na filin jirgi ba su cika zuwa daidai ba, kuma leda da igiya da kwaɗo duk nauyi ne. Kada a manta akwatin da kansa yana cin kilo huɗu zuwa biyar in babba ne mai tauri. Game da gana-mas-go, wasu kamfanoni sun daina karɓarta, saboda ba ta da tsayayyar siffa, tana maƙalewa a injin da ke jan kaya, kuma zif ɗinta ba ya jure matsi. Kwali mai ƙarfi da aka ɗaure da kyau ya fi ta.

Daga nan sai rabon kaya, wanda shi ne ainihin aikin. Na shimfiɗa komai a kan tabarma na yi wa kowane abu tambaya ɗaya: in akwatin nan ya kwana biyu bai iso ba, zan iya rayuwa babu wannan? Duk abin da amsarsa a'a ce, ya koma jakar hannu. Fasfo, takardar biza, katin rigakafi, takardar masauki, kuɗi, waya da caja, tabarau, magani, kaya kala ɗaya na canji, da kuma harami. Haramin nan ina so a kula da shi sosai. Wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye dole ya yi niyya kafin jirgi ya daidaita da miƙati, wato tun yana sama. In haraminsa yana cikin akwatin da ke ƙasan jirgi, babu yadda za a yi a ɗauko masa. A jirginmu akwai wani bawan Allah da hakan ta same shi, sai da wani fasinja ya ba shi na biyunsa. Magani kuma a bar shi cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita, musamman masu ƙarfi irin su tiramadol da kodin, waɗanda a Saudiyya laifi ne babba a shiga da su babu hujja. Mai ciwon suga ya riƙe insulin ɗinsa a hannu, don sanyin ƙasan jirgi na iya lalata shi, kuma an yarda a wuce da shi wurin bincike in an nuna takarda.

Akwai abin da doka ta ce dole ya zauna a hannu, akwai kuma wanda ta ce dole ya bi akwati. Na farko shi ne pawa banki da duk wani batirin litiyam da ba a cikin na'ura yake ba. Dalilin shi ne batirin na iya yin zafi ya kama wuta da kansa. In a cikin fasinjoji ne, ma'aikata za su ga hayaƙi su kashe nan take, amma in a ƙasa ne cikin tarin akwatuna, ba mai kai hannu. Iyakar da aka yarda ba tare da neman izini ba ita ce 100Wh, wato ma'aunin ƙarfin batiri da ake rubutawa a jikinsa. Pawa banki mai 20,000mAh yana kamawa wajen 74Wh, don haka yana wucewa. Mai 30,000mAh yana kai wa 111Wh, shi sai da yardar kamfanin jirgi, kuma abin da ya haura 160Wh ba ya hawa jirgin fasinja kwata-kwata. A tabbata rubutun da ke jikinsa bai goge ba, don in jami'i bai iya karanta adadin ba yana da ikon riƙe shi.

Na biyu kuma su ne ruwa-ruwa da masu kaifi. Tun shekarar 2006 aka sa dokar cewa duk abu mai ruwa da zai shiga jakar hannu a jirgin sama mai fita ƙasar waje kada kwalbarsa ta wuce mililita 100, kuma duka su shiga leda ɗaya mai haske da ba ta fi lita ɗaya ba. Girman kwalbar ake dubawa, ba abin da ya rage a ciki ba. Kwalbar turare mai mililita 200 da ta kusa ƙarewa za a karɓe ta. Mu nan Kano abin da ya fi shafa shi ne zuma, man shanu, humra, man shafawa da man goge baki, duk a ruwa ake lissafa su. Na zuba zumar a gorar roba, na naɗe bakinta da salatif, na sa ta a leda biyu, na binne ta a tsakiyar tufafi. Almakashi, reza, wuƙa da askar da masu Umra ke ɗauka don aski duk akwati za su shiga. Turaren fesawa yana shiga akwati matuƙar gwangwani ɗaya bai wuce mililita 500 ba, jimilla kuma lita biyu. Gawayin turaren wuta mai kamawa da kansa a bar shi a gida, a saya a can. Goro ma haka, Saudiyya ta hana shiga da shi, kuma duk shekara hukumar alhazai tana jan kunnen maniyyata a kai.

Kafin in rufe akwatunan na cire duk tsofaffin sitikun tafiye-tafiyen baya da ke jikinsu, saboda na'ura ce ke karanta su a manyan filayen jirgi, in ta ci karo da tsohuwa tana iya tura akwati wani gari. Na rubuta suna da lambar waya da sunan masauki a takarda na sa a ciki, na manna wani a waje, sannan na ɗauki hoton kowane akwati a buɗe da kuma a rufe.

Na isa filin jirgi awa uku da rabi kafin lokacin tashi. A ƙofar shiga aka duba fasfo da tikiti, aka wuce da kaya ta na'urar haskawa, sannan muka zo teburin jami'ai, inda akwai na hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, da na kwastan, da masu kula da fitar da kayan abinci da tsirrai. Aka ce in buɗe akwati ɗaya. Jami'in ya ɗaga ledar yaji da ta kuka ya shinshina, ya tambaya: "Malam, kai ka haɗa kayan nan da hannunka? Akwai saƙon wani a ciki?" Na ce ni na haɗa, babu saƙon kowa. Ya ce in rufe. Wannan ya ci wajen minti ashirin da layi. Saboda wannan binciken ne bai kamata a naɗe akwati da leda tun daga gida ba, za a yanke ta ne a yi asara. A bari sai an gama bincike, sannan a kai wa masu naɗi a biya, a kuma tambayi farashi kafin su fara. Wanda ke ɗauke da kuɗin waje da ya haura dala 10,000 ko kwatankwacinsu sai ya bayyana wa kwastan, a can Saudiyya kuma lokacin da muka je iyakar riyal 60,000 ce.

Muna cikin layin awo wata dattijuwa da ke bayana ta taɓa ni ta ce: "Ɗana, kayana sun yi nauyi, ko za ka taimaka a sa wannan 'yar jakar da sunanka?" Na ji nauyinta ƙwarai, kuma ban yi mata mummunan zato ba. Na ce: "Mama, ki yi haƙuri, wannan kam ba zan iya ba, amma bari mu duba abin da za a rage." Muka mayar da takalma da wasu zannuwa zuwa jakarta ta hannu wadda kusan wofi take, aka wuce. Duk jakar da aka buga da sunanka, a idon doka taka ce, da duk abin da ke cikinta. Mutanen Kano ba su manta da ɗalibar nan da aka kama a Saudiyya a ƙarshen 2018 ba, saboda wata jaka mai ƙwayoyi da aka yi wa lamba da sunanta ba tare da saninta ba. Sai da ta shafe wata huɗu a tsare kafin bincike ya wanke ta a 2019. Yarinyar ba ta karɓi saƙon kowa ba ma, sunanta kawai aka yi amfani da shi.

Saboda haka lokacin da na zo kanta ban ɗauke ido daga kan kayana ba. Aka ɗora na farko, kilo 22.4, na biyu 22.1. Ma'aikaciyar ta buga doguwar sitika ta naɗa a mariƙin kowanne, ta ɓare ƙananan guntaye biyu ta manna a bayan takardar shiga jirgi. Waɗannan guntayen su ne rasidin kayanka, kowanne da lamba mai alƙaluma goma. Abu uku na duba kafin in bar wurin. Na ƙirga guntayen, biyu ne daidai da akwatunana, ba uku ba. Na duba sunana. Na duba harufa ukun da ke nuna inda kaya za su sauka, JED, wato Jidda, tun da tafiyarmu akwai yada zango a wani birni mu canja jirgi. Mai zuwa Madina MED zai gani. Na kuma tambaye ta: "Hajiya, kayan nan sai Jidda zan gan su, ko sai na karɓa a hanya?" Ta ce sai Jidda, tun da tikiti ɗaya ne. Wanda ya yanki tikiti biyu daban-daban don neman sauƙi ya sani cewa yawanci sai ya karɓi kayansa a tsakiya ya sake ba da su, wanda hakan na iya buƙatar bizar shiga wannan ƙasar. Nan take na ɗauki hoton guntayen da waya. Ita ma jakar hannu an auna ta, kilo 6.8, aka rataya mata alama. Mutumin da ke gabana ya haura da akwati na uku, kuma kuɗin da aka yanka masa da dala ne, ya tsaya yana lissafi ya ga sun fi darajar abin da ke ciki. In ka san za ka yi ƙari, biya ta intanet ko ofishin kamfani kafin ranar tafiya yawanci ya fi sauƙi. Ana rufe kanta kimanin awa ɗaya kafin tashi, in ta rufe kuwa ko kana tsaye a gabanta kayanka ba za su shiga ba.

Bayan shige da fice sai bincike na biyu, na jakar hannu da jiki. Aka ce a fito da kwamfuta da ledar ruwa-ruwa a sa a faranti daban, a cire bel da agogo. Tire guda na gani a gefe cike da gorunan ruwa, almakasai da kwalaben turare masu tsada da aka karɓe. A wannan matakin babu gyara, don akwatinka ya riga ya tafi.

Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe Kano, sai muka yi jinkirin kusan awa biyu kafin a tashi. Wannan ba laifin kowa ba ne, amma ya cinye mana tazarar da ke tsakanin jirgi biyu. Da muka sauka birnin da za mu canja, da gudu-gudu sauri-sauri muka kai ƙofar jirgi na biyu. A nan aka ce jirgi ya cika, durowoyin sama ba za su ɗauki jakunkuna duka ba, masu jaka mai taya su kawo a kai ƙasa. Wannan yana faruwa sosai, kuma na ƙarshen layi ya fi shafa. Abin da ya cece ni shi ne a cikin jakar hannuna akwai wata ƙaramar jakar rataye da na haɗa fasfo, kuɗi, magani, pawa banki da caja. Na zare ta, na ɗauki harami a hannu, na miƙa babbar, na karɓi guntun sitikarta. In aka zo karɓar jakarka a bakin jirgi, batiri dole ya fito, wannan doka ce, ka faɗa musu ko ba su tambaya ba.

A filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda na tsaya gaban bel ɗin kaya wajen minti arba'in. Jakar hannu ta fito, akwati ɗaya ya fito, sai bel ya tsaya. Gabana ya faɗi, ga gajiya, ga harami a jiki, ga abokan tafiya suna jira a mota. Kuskuren da ake yi a nan shi ne fita da niyyar a dawo gobe. Kada a fita. A cikin zauren akwai teburin masu kula da ɓatan kaya, can na nufa da fasfo, takardar shiga jirgi da guntun sitika. Ma'aikacin ya shigar da lambar a kwamfuta, ya nuna mini wani allo mai hotunan akwatuna iri-iri in zaɓi mai kama da nawa, ni kuma na nuna masa hoton da na ɗauka a gida, wanda ya taƙaita magana. Ya karɓi sunan masauki da lambar waya, ya ba ni takardar rahoto da ake kira PIR mai ɗauke da lambar bibiya. Ya ce akwatin yana birnin da muka canja jirgi, mu mun kai ga jirgi da ƙafa, shi bai kai ba. Duka-duka minti ashirin da biyar. Bayan kwana biyu aka kira ni, akwatin ya iso da ledarsa ba a taɓa ba. A kwana biyun nan kayan canjin da ke jakar hannu na sa, magani kuma bai yanke ba ko sau ɗaya.

Yana da kyau a san haƙƙin da doka ta bayar. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya da Saudiyya duk suna ciki, ta ce in akwati ya iso a fashe ko a lalace, kana da kwana 7 ka kai ƙorafi a rubuce. In jinkiri ya yi, kana da kwana 21 daga ranar da ka karɓa ka nemi a biya ka abin da ka kashe na dole, don haka a adana rasidin duk sabulu ko rigar da aka saya. In kwana 21 suka wuce bai iso ba, ana ɗaukarsa ya ɓata. Amma diyyar tana da iyaka, tun ƙarshen Disambar 2024 kimanin dala 2,000 ce ga fasinja ɗaya, komai tsadar abin da ke ciki. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zinare, kuɗi, waya da kwamfuta ba za su taɓa shiga akwatin awo ba. A nan gida kuma, in kamfani ya ƙi sauraronka, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA tana da sashen kare haƙƙin fasinja.

A dawowa matsalar nauyi ce. Dabino, jallabiyoyi, dardumai da tsarabar 'yan uwa suna cika akwati tun kafin a ankara, shi ya sa ɗan sikelin nan ya bi ni har Makka. Zamzam ba a sa shi cikin akwati, in na'ura ta gano gora a ciki za a buɗe a cire. Akwai na lita biyar a rufaffen kwali da ake sayarwa a filin jirgi, guda ɗaya ga mutum, a ba da shi a kanta a buga masa tasa sitikar. A rubuta suna da babban alƙalami a kowane gefe na kwalin, don a Kano ɗaruruwa ne iri ɗaya ke fitowa a kan bel.

Wata biyu bayan haka na yi tafiyar kwana uku zuwa Legas da jakar hannu kaɗai, kuma a irin wannan tafiyar ban ga amfanin ba da kaya a awo ba. Kaftani biyu a naɗe, hula a cikin ledarta a sama don kada ta lotse, takalmi ɗaya a ƙafa, ƙaramin turare, komai bai kai kilo 7 ba. Ban jira bel ba, ban yi fargabar ɓata ba, minti goma da sauka ina waje. Abin lura kawai shi ne wasu jiragen cikin gida ƙanana ne, durowarsu ba ta ɗaukar jaka mai taya, za a karɓa a gindin matakala a mayar maka in an sauka, don haka ƙaramar jakar rataye tana da amfani a nan ma. Nauyin da ake bayarwa a jiragen cikin gida kuma ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, har daga tikiti zuwa tikiti, mai araha yakan zo da kilo kaɗan.

Doguwar tafiya irin ta Umra ko ta fatauci ba ta yiwuwa babu akwati. Abin da zan canja in zan sake shi ne in zaɓi tikitin da tazarar canjin jirgi ta kai awa uku, musamman tsakanin Disamba da Fabrairu lokacin da hazo ke hana jirage tashi a kan lokaci, sannan in raba tufafi tsakanin akwatuna biyun maimakon in tara su a ɗaya. Masu tafiya da iyali ma su cakuɗa, kowane akwati ya ɗauki ɗan kayan kowa. Guntun sitika kuma a riƙe shi har a fita daga filin jirgi, don a ƙofar fita akan tsayar da mutum a gwada lambarsa da ta jikin akwati kafin a bar shi ya wuce da kaya.